Babi na Shida: Amanar Dare Ɗaya a Birnin Shikago

A cikin yarjejeniyoyin da iyaye ke ƙullawa a Amurka, da wuya a sami mai ban mamaki kamar ta daren Asabar. Miji da mata sun ci ado za su liyafa, sai a ƙwanƙwasa ƙofa: ga wata yarinya daga layin baya, shekarunta 15 ko 17. Babu dangin iya babu na baba tsakaninsu. Su nuna mata firiji, su rubuta mata lambar tarhon inda za su, su faɗa mata ƙarfe nawa yara ke kwanciya, sannan su damƙa mata gida da 'ya'yan cikinsu, su ja mota su yi gaba. Ladanta kuwa ana biya ne bisa awa. Ita kanta yarinyar, shekara huɗu ko biyar da suka wuce wata ake ɗaukowa ta zauna da ita.

Duk wanda ya dubi wannan tsari da idon basira zai ga amanar ta fi ƙarfin wadda aka ɗora wa. Masu shirya fim sun daɗe da lura da haka, kuma sun ci kasuwarsa ta hanya biyu: wani lokaci su firgita mai kallo, wani lokaci su sa shi dariya har da ƙwalla. A ɓangaren barkwanci, fim ɗin da ake auna sauran da shi har yau shi ne Adventures in Babysitting, wanda ya fito a watan Yulin 1987, a Birtaniya kuma aka sayar da shi da sunan A Night on the Town. Labarinsa na wata 'yar raino ce da ta fita da yara daga gida da niyyar dawowa cikin awa ɗaya, sai ta kusa kwana a titunan Shikago, ɓarayin mota na biye da ita.

Yadda aka yi kaka ta yi nisa

Wanda ya tashi a babban gida na ƙasar Hausa, inda kaka ke ɗakinta, matan wa da na ƙane ke kai-komo a tsakar gida, ga kuma maƙwabciyar da ake aika wa yaro ba tare da sallama mai tsawo ba, zai so ya san abin da ya kai mutum biyan baƙuwa kuɗi don ta zauna masa da yara na awa biyar. Amsar tana cikin yadda Amurkawa suka sauya mazauni a ƙarni na 20.

Sana'ar ta fara ɓullowa a shekarun 1920, lokacin da masu aikin gida suka soma ƙaranci a gidajen masu matsakaicin hali, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama ruwan dare. Wata doka ta 1944 ta sauƙaƙa wa sojojin da suka dawo daga fagen fama samun rancen sayen gida. 'Yan kasuwa suka yanka gonaki a wajen birane suka jera dubban gidaje masu kama ɗaya, irin na Levittown kusa da New York, da aka fara ginawa a 1947. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi jarirai kimanin miliyan 76 a ƙasar. Sababbin ma'aurata suka tattara nasu-ya-nasu suka koma waɗannan unguwanni na gefen birni, suka bar iyaye da dangi a tsofaffin unguwanni ko ma a wata jihar. Ga yara birjik, ga sha'awar fita sinima da liyafa, babu tsohuwar da za a bar wa gida. Sai ido ya koma kan 'yan matan sakandare.

Masaniyar tarihi Miriam Forman-Brunell, wadda ta wallafa littafi a kan tarihin wannan sana'a a 2009, ta nuna cewa manya ba su taɓa sakin jiki da 'yar raino ba. Suna bukatarta, suna kuma zarginta: za ta share abin da ke cikin firiji, za ta raba dare tana hira a tarho, za ta shigo da saurayi da zarar ta ji tashin mota. Su ma 'yan matan suna da nasu koken, na ƙaramin lada da iyayen da ba sa dawowa kan lokaci da yaran da ba sa jin bari. Zuwa shekarun 1980 'yar raino ta zama sananniyar fuska a rayuwar Amurka. Ƙungiyar Red Cross tana ba yara horo a kan aikin tun daga shekara 11, kuma a 1986 marubuciya Ann M. Martin ta fara jerin littattafan The Baby-Sitters Club, waɗanda aka sayar da kwafi sama da miliyan 100. Saboda haka lokacin da fim ɗinmu ya fito, kusan kowa a zauren sinima ya taɓa zama ɗaya daga cikin uku: mai barin yara, mai zama da yara, ko yaron da aka bari.

Dare biyu na Debra Hill

Kafin a yi wa wannan dare dariya, sai da aka ji tsoronsa. A 1978 darakta John Carpenter ya fitar da Halloween, fim ɗin ban tsoro da aka yi da 'yan kuɗi ƙalilan, dala dubu 300 da ɗoriya, a kan wani makashi mai rufe fuska da ke farautar 'yan raino a wani ƙagaggen gari na jihar Illinois. Wadda ta taya shi rubuta labarin, kuma ta zama furodusa, ita ce Debra Hill, wadda ita ma ta yi rainon yaran mutane tana budurwa, kuma daga bakinta yawancin hirar 'yan matan fim ɗin ta fito. Shekara guda bayan haka When a Stranger Calls ya ɗauko wani tsohon labarin ƙanzon kurege da 'yan matan Amurka ke tsorata juna da shi: wani mutum ya dami 'yar raino da kiran tarho, daga ƙarshe 'yan sanda suka gano daga cikin gidan yake kiran.

Bayan shekara tara da Halloween, Debra Hill ɗin nan ce ta haɗa kai da Lynda Obst suka shirya Adventures in Babysitting. Jihar dai ita ce, Illinois. Yarinyar ma kusan ita ce: mai hankali, mai riƙon amana, 'yar shekara 17. Abin da aka juya shi ne alƙiblar haɗarin. A fim ɗin tsoro masifa ce ke shigowa gida ta tarar da yara. A na barkwanci yaran ne ke fita da ƙafarsu su je su same ta.

David Simkins ne ya rubuta labarin. Aikin darakta aka ba wani matashi ɗan shekara 28 da bai taɓa jan ragamar fim ba, Chris Columbus, wanda ya yi suna da rubuta Gremlins na 1984 da The Goonies na 1985 a ƙarƙashin inuwar Steven Spielberg. Kamfanin Touchstone ne ya fitar da shi, wato reshen da Disney ya buɗe a 1984 don finafinan da suka fi ƙarfin sunan Disney. Aka ba shi tambarin PG-13, wanda ke gargaɗin iyaye game da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Wannan tambari shi ma a 1984 aka ƙirƙiro shi, kuma Gremlins na Columbus na cikin finafinan da ƙorafin iyaye a kansu ya jawo ƙirƙirarsa. Ashe tun kafin ya zama darakta ya san iyakar da ke tsakanin tsoratar da yaro da ba shi dariya, ya kuma san siririya ce.

Daga fashewar taya zuwa saman bene

Jarumar labarin ita ce Chris Parker, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, mazauniyar Oak Park a yammacin Shikago. Elisabeth Shue ce ta fito a matsayinta, tana da shekara 23, masu kallo kuma sun santa tun a The Karate Kid na 1984. Fim ya buɗe da Chris tana rawa ita kaɗai a ɗaki, tana shirin fita cin abincin dare da saurayinta Mike. Sai ga shi a bakin ƙofa da uzuri: ƙanwarsa ba lafiya, dole ya zauna da ita. Da ta rasa abin yi, ta yarda ta je gidan Anderson ta zauna da 'yarsu Sara mai shekara 8, wadda ba ta rabuwa da hula mai fukafukai irin ta Thor, gwarzon littattafan zane na Marvel. Wan Sara, Brad, ɗan shekara 15 da ya daɗe yana son Chris a ɓoye, ya fasa zuwa kwana gidan abokinsa Daryl da ya ji wadda za ta zo.

Tarho ya yi ƙara. Ƙawar Chris ce, Brenda, ta gudu daga gida, ta ƙarar da kuɗinta a tasi, ga ta a tashar motar tsakiyar birni tana kuka. Daga nan ne ya kamata mai karatu ya sa ido, domin ginshiƙin fim ɗin yana cikin shawarwarin da Chris ke yankewa. Ba za ta bar ƙawarta a tasha cikin dare ba. Ba za ta bar yara su kaɗai a gida ba. To, sai ta zuba su a motar mahaifiyarta, har da Daryl da ya yi barazanar tona asiri in ba a tafi da shi ba. Kowane mai hankali zai iya kare wannan shawara.

A kan babbar hanya taya ta fashe. Babu safaya, kuma jakar kuɗinta tana can gidan Anderson. Wani direban janwe mai suna Pruitt, mai ƙugiyar ƙarfe a madadin hannu ɗaya, ya tsaya. Yaran suka sandare don tsoro, amma mutumin kirki ne, har ya ce zai biya kuɗin tayar. Suna tafe aka sanar da shi ta rediyon mota cewa an ga wani namiji a gidansa. Ya karkata akalar janwe, ya zaro bindiga, harsashi ya tarwatsa gilashin gaban motar uwar Chris. Yara suka ruga suka faɗa wata motar da ke fake don neman mafaka, ba su san ɓarawo na ciki yana ƙoƙarin tayar da ita ba. Gudun gara, an tadda zago. Ɓarawon, wani saurayi mai suna Joe Gipp, ya ƙi sauke su a unguwar da yake ganin ba su da tsaro, sai ya wuce da su garejin iyayen gidansa, inda ake wargaza motocin sata. Suka sulale ta kan ƙarafan rufin, amma Daryl ya yi awon gaba da wata mujallar batsa, bai san a cikinta shugabannin ɓarayin suka rubuta odar motocin da za a sato ba. Daga nan farauta ta fara.

Sauran daren haka ya tafi, ana kukan targaɗe sai ga karaya. A jirgin ƙasan da ke bin saman titunan Shikago suka tsinci kansu tsakanin gungun 'yan daba biyu da ke shirin far wa juna. Wani ya zagi Chris, Brad ya tsaya mata, aka cilla wuƙa ta cake shi a yatsan ƙafa. Chris ta zare wuƙar ta nuna wa shugaban 'yan daban, ta mayar masa da ashar ɗin da ya yi, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya taɓa 'yar raino. Wannan jimla ce aka fi tunawa a fim ɗin, kuma a sigar talabijin an sassauta kalmar. A asibiti likita ya rikita Brad da wani da aka kashe da wuƙa, ya yi wa Chris ta'aziyya, ta sume. Raunin Brad kuwa ɗinki ɗaya tak ya ci. Can a tasha Brenda na fama da nata: an sace mata tabarau, ta ɗauki ƙaton ɓera tana shafawa a zaton ɗan kyanwa ne.

Idan aka tsaya aka duba, babu inda Chris ta yi sakaci da gangan ko ta nemi jin daɗin kanta. Duk inda aka shiga tana ƙirga kawunan yara, tana tsawata wa Daryl, tana duba agogo. Barkwancin ya taso ne daga tazarar da ke tsakanin girman abin da ke faruwa da ƙanƙantar ikon da ke hannunta. Yarinya ce da ke magana da muryar uwa a gaban mutanen da ke riƙe da makami, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali har lokacin shi ne abin da za ta gaya wa mahaifiyarta game da mota. Da Shue ta buga matsayin da wasa, da fim ɗin ya rushe. Ta buga shi da gaske, tamkar a fim ɗin tsoro take, shi ya sa mai kallo ke samun damar yin dariya.

Birnin da ake gudu

Akwai jarumi na biyu a fim ɗin, shi ne birnin kansa, ko kuma hoton birnin da ke cikin kan mazauna gefensa. A 1950 Shikago na da mutum miliyan 3.6. Zuwa 1990 sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 2.8, domin fararen fata masu hali sun yi ta ƙaura zuwa unguwannin waje, yayin da baƙaƙen fata da suka yi hijira daga jihohin kudu, musamman Mississippi, suka cika kudanci da yammacin birnin. A shekarar da fim ɗin ya fito, magajin garin shi ne Harold Washington, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, wanda aka zaɓa a 1983 bayan yaƙin neman zaɓen da ya raba birnin bisa launin fata, ya kuma rasu yana kan mulki a watan Nuwamban 1987. Ga yaro irin Brad, birni wuri ne da uba ke zuwa aiki da safe, ake kuma kulle ƙofofin mota in za a ratsa da dare.

Fim ɗin yana cin moriyar wannan tsoro, ba za a wanke shi daga haka ba. Yana nuna birni a matsayin dajin da kowane lungu ke da abin da zai cinye ɗan gata, kuma baƙaƙen fatar da ke cikinsa yawanci ɓarayi ne ko 'yan daba ko makaɗa. Amma in aka ƙirga waɗanda suka taimaki Chris da waɗanda suka cuce ta, sai lissafin ya juye. Mai ƙugiya ya gyara mata gilashi daga aljihunsa. Ɓarawon mota, wanda Calvin Levels ya fito a matsayinsa, shi ya juya wa ubangidansa baya ya cece su a ƙarshe. Wanda ya ci amanarta shi ne Mike, ɗan unguwarsu mai tsabta da fara'a, wanda ta hango a gidan abincin da ya yi alkawarin kai ta, yana zaune da wata. Ƙanwar da ba lafiya ƙarya ce.

Inda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu shi ne gidan rawa. Suna gudun ɓarayi, yaran suka faɗa ta ƙofar baya sai ga su a kan dandamali, gaban ɗaki cike da baƙaƙen fata da suka yi tsit suna kallonsu. Mai jan ƙungiyar makaɗan shi ne Albert Collins, shahararren makaɗin jita na kiɗan blues, haifaffen Texas, wanda kamfanin Alligator na Shikago ya fara fitar da faya-fayansa a 1978. Ya tare hanya ya ce dokar gidan ita ce ba mai fita sai ya rera blues. Chris ta matsa gaban makirufo murya na rawa, ta faɗi sunanta. Makaɗa suka amsa da bugu ɗaya. Ta faɗi unguwarsu, suka sake amsawa. Da kaɗan-kaɗan ta shiga zayyana abin da ya same ta tun magariba, yara suka kama amshi, ɗaki ya ɗauka.

Blues kiɗa ne da ya taso daga gonakin auduga da wariyar launin fata, ya biyo irin su Muddy Waters zuwa Shikago a shekarun 1940. A ce 'yar gata ta hau dandamalinsa tana kukan taya da saurayi, abin dariya ne, kuma fim ɗin ya san da ita ake dariyar. Duk da haka ɗakin ya karɓe ta, saboda ta cika sharaɗin kiɗan: ta faɗi damuwarta tsakani da Allah, ba ta ƙara gishiri ba. Roger Ebert, mai sharhin finafinai na jaridar Chicago Sun-Times, bai yaba wa fim ɗin baki ɗaya ba, amma wannan fage ya zaɓa a matsayin mafi kyau. Wani abin lura kuma: an ɗauki fagen ne a gidan rawa na FitzGerald's da ke Berwyn, unguwar gefen birni da ke maƙwabtaka da Oak Park, yawancin titunan ban tsoron kuwa na Toronto ne a Kanada. Birnin da yaran ke gudu ya fi zama a cikin kai fiye da kan taswira.

Dala biyar da abin da iyaye ba su gani ba

Duk wannan wahala a kan dala 50 ake shan ta, kuɗin tayar da za a biya a garejin Dawson kafin a saki motar. A wata walimar ɗaliban jami'a, wani saurayi mai suna Dan ya ba Chris dala 45, iya abin da ya iya haɗawa. Mai gareji ya ƙirga ya ce sai an cika. Shi ne Vincent D'Onofrio, wanda kwanaki kaɗan kafin nan masu kallo suka gani a Full Metal Jacket na Stanley Kubrick, inda ya ƙara nauyin kimanin kilo 30 don matsayin. A nan ya sauko daga sama cikin hayaƙi, dogo mai farin gashi, riƙe da guduma. Sara ta saki baki: ga Thor a gabanta. Ya yi mata tsawa, amma ta cire hularta ta miƙa masa, don a ganinta gwarzo ba ya aiki ba hula. Mutumin ya yi shiru, ya cilla musu makulli, ya yafe dala biyar ɗin. Duk dabarun manya sun ƙare a daren, sai yardar yarinya ƙarama ta buɗe ƙofa.

Kololuwar fim ɗin tana wani dogon bene mai hawa kusan 40 a titin Michigan, wanda aka yanke samansa a karkace kamar lu'ulu'u. A cikinsa iyayen Sara ke liyafa. Ɓarayi sun biyo ta, ta fita ta taga, ta maƙale a jikin gilashin da ya karkata, iska na kaɗa ta, iyayenta kuma suna ciki da kofuna a hannu, taku kaɗan tsakaninsu, ba su ɗaga kai ba. A nan fim ɗin ya faɗi abin da yake son faɗa a kan manya. Ba mugaye ba ne. Sun biya lada, sun bar lambar tarho, sun ɗauka sun sauke nauyi.

Bayan an ceto Sara an ɗauko Brenda, sai tseren ƙarshe: a riga iyaye isa gida. Suka wuce motarsu a babbar hanya kowa ya sunkuyar da kai, yara suka haye sama, Chris ta goge kicin cikin daƙiƙu, iyaye suka shigo suka tarar da ita zaune kamar ba abin da ya faru. Wannan ita ce ƙa'idar irin wannan fim: nasara ita ce kada manya su sani. An mayar da amana yadda aka karɓe ta, yara da lafiyarsu, amma masu amanar ba za su taɓa sanin kuɗin da aka biya ba. Chris ta gaya wa yaran daga yau ta bar raino.

Waɗanda suka biyo baya

Fim ɗin ya samo kimanin dala miliyan 34 a sinimomin Amurka, riba mai kyau, amma ainihin rayuwarsa a kaset ɗin bidiyo da talabijin ya yi ta, inda yaran shekarun 1980 suka kalle shi har suka haddace. Masu son taka sawunsa sun yi yawa, kuma inda suka dace da inda suka kauce yana ƙara haska sirrin na asali.

A 2011 David Gordon Green ya yi The Sitter, inda Jonah Hill ya fito a matsayin ɗalibin da aka dakatar daga jami'a, ya kwashi yara uku zuwa cikin New York don ya sayo wa budurwarsa hodar iblis. Tsarin iri ɗaya ne, har da masu laifin da ke bin su, amma masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Dalili a fili yake. Wanda ya fita da yaran mutane don biyan bukatar kansa ya riga ya zubar da amanar tun a bakin ƙofa, babu sauran abin da mai kallo zai ji tsoron a rasa.

A 2016 tashar Disney ta sake yin labarin da Sabrina Carpenter da Sofia Carson, a matsayin fim na 100 cikin jerin finafinanta na talabijin. An mayar da blues gasar rap, an wanke ashar da wuƙa. Amma babbar matsalar marubutan ita ce wayar hannu. Daren 1987 ya tsaya ne a kan duniyar da yarinya za ta iya rasa kuɗi da hanyar kiran kowa a lokaci guda. Yau kira ɗaya zai kashe labarin cikin minti biyar. Sai suka sa 'yan matan biyu suka yi musayar wayoyi bisa kuskure, rikicin ya taso daga nan.

Faransawa ne suka fi kowa dabara. A Babysitting na 2014, wanda Philippe Lacheau da Nicolas Benamou suka shirya, wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Franck ya karɓi rainon ɗan ubangidansa a daren da yake cika shekara 30, abokai kuma suka biyo shi da walima har gidan. Washegari 'yan sanda suka tashi iyaye: gida ya zama kufai, babu yaro babu mai raino, sai wata kyamara da aka tsinta. Iyaye suka zauna da 'yan sanda suna kallon abin da ya faru daki-daki. An karya ƙa'idar ke nan, manya sun ga komai, kuma abin da uban ya gani ya haɗa da yadda ɗansa ke kewar uban da aiki ya hana shi zama. Fim ɗin ya sayar da tikiti sama da miliyan biyu a Faransa, aka yi masa na biyu a 2015. Abin da fim ɗin Amurka ya nuna ta bayan gilashi, na Faransa ya ajiye shi a gaban uba ya tilasta masa kallo.

Shi kuwa Columbus wata hanya ya bi. Ya riga ya gano cewa abin da ke jan mai kallo shi ne yaro a hannun da bai kai ba, da iyayen da hankalinsu ke wani wuri. Saura tambaya ɗaya: in aka cire hannun gaba ɗaya fa? A watan Nuwamban 1990 ya fitar da fim ɗin da John Hughes ya rubuta, a wata unguwar gefen Shikago kuma, a kan yaro ɗan shekara 8 da iyalinsa suka manta a gida suka hau jirgi zuwa Paris. Ba a ɗauko masa kowa ba, shi ne yaron shi ne mai gadin gidan. Home Alone ya tara sama da dala miliyan 470 a duniya, kuma shi za mu duba a babi na gaba.